Ƙanena Facaka, Mai Ɗauraya Huɗu

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu na ba shi. Amma in ka shigo layinmu ka tambayi shagon mai wanki, nasa za a nuna maka, ko da kuwa a bakin nawa kake tsaye. Ba sau ɗaya ba, mutum ya zo da ƙullin kaya a kai, ya tarar da ni riƙe da dutsen guga, ga shanya cike da igiya a bayana, ya yi sallama ya ce, "Don Allah ina shagon Facaka?" Sai in nuna masa da haɓa. Bango ɗaya ne ya raba mu.

Baba ne ya raɗa masa sunan. Wanki da guga sana'arsa ce, a tsakar gida ya koya mana. Mutum ne mai tsimi, sabulu sai ya koma kamar farce kafin ya rabu da shi, kuma ko a nan ba ya yarwa, tara guntayen yake ya dunƙule su su koma guda. Ni na gado shi sak. Ƙanena kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ranar da aka fara ba shi baho nasa na kansa, singileti ɗaya tak Baba ya miƙa masa, wata tsohuwa da ta riga ta yi ja a hammata. Muna waigowa muka ga ya juye rabin kwalin garin sabulu. Kumfa ta tashi ta fi bahon tsawo, ta gangara har ƙofar ɗakin Inna. Kafin a ankara ya ƙarar da ruwan randa biyu wajen ɗauraya, shi kansa ya jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa, yana ta washe baki.

Baba ya riƙe haɓa ya ce, "Kai, wannan ba wanki ba ne. Wannan facaka ce!"

Inna ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Da yamma singiletin ta bushe, ta yi fari ƙal kamar ranar aka sayo ta. Baba ya ɗaga ta ya juya gaba ya juya baya, ya zura ta a jiki ya fita da ita hira. A ranar ni kaya goma na wanke da bokiti ɗaya. Ba wanda ya ɗaga ko guda ya duba. Ina jin tun daga wannan yammacin abin ya tsaya mini a rai.

Facaka ba yabo ba ne, kowa ya sani. In an ce wane yana facaka da dukiya, ana nufin yana watsa ta ba ji ba gani, kamar yaron da ya samu kududdufi. Amma na lura da wani abu tun muna yara: duk wanda ya kira ƙanena da sunan, da murmushi yake kira. Ni kuwa da aka laƙaba mini Mai Cokali, ban taɓa jin daɗin sa a bakin kowa ba.

Bayan rasuwar Baba muka kama shaguna biyu a jere a gini ɗaya, famfo guda a bayan ginin, mu da 'yan haya muke ɗiba. Dalilin sunana shi ne cokalin da nake auna garin sabulu da shi, ɗaya a kowane bokiti, a shafe ba a tule ba. Ɗauraya biyu nake yi, ruwan ta biyu kuma in jiƙa kayan gobe da shi. Shi kuwa da tafin hannu yake ɗibar sabulu. Ya jiƙa, ya cuɗa sau biyu, ya ɗauraye sau huɗu, ya sa bula, ya sa sitati, a ruwan ƙarshe ya tsiyaya turare. Dutsen gugarsa kullum cike yake da gawayi har murfin na ƙin rufuwa. In ya gama ninki sai ya naɗe kayan a farar takarda, kai ka ce daga kanti suka fito. Kuma farashinmu ɗaya.

Na yi ta jiran ranar da zai karye. Na riga shi sayen fili, na riga shi ɗora ɗaki biyu, shi yana nan a gidan haya. Na zaci wata rana zai dubi ginina ya haɗiye yawu. Ranar da na kai shi ya gani, rungume ni ya yi ya ce, "Yaya, wallahi ka yi ƙoƙari!" Ya zagaya yana shafa bango kamar nasa ne. Na dawo gida raina a ɓace. Me ake da gini in wanda ka yi dominsa bai ji haushi ba?

In rana ta yi sanyi ya kan yi wanka ya sa fararen kaya, ya fesa turare, ya ɗora wata ƙatuwar buta a kan gawayi. Duk wanda ya gifta sai an miƙa masa kofin shayi, da mai faci, da mai aski, da masu tura kaya. Ni ina ciki ina tsince gawayin da bai gama cinyewa ba, ina jin dariyarsu ta cikin bango.

Sai maganar Nas, wata ma'aikaciyar jinya a asibiti. Shagona ta fara zuwa, ba nasa ba, ina so a san wannan. Kowane mako takan kawo fararen rigunan aikinta guda uku. Doguwa ce, mai magana a hankali, in ta miƙo kaya sai ta ce, "Sannu da aiki, mai wanki." Shekara guda cur ina son ta ban faɗa ba. Iyakar abin da na iya shi ne ƙara rabin cokali a bokitin kayanta, kuma a wajena wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na ɗauka za ta gane.

Wata rana na tafi sayen gawayi wani wuri mai nisa, saboda na ji an ce can ya fi sauƙi. Ta zo ta tarar da shagona a rufe, ta miƙa wa ƙanena. Mako na gaba ta zo wucewa, ta gaishe ni cikin ladabi, ta shige ƙofa ta biyu. Bayan wata shida ƙanena ya shigo wajena yana sosa ƙeya.

"Yaya, akwai magana. Tunda Baba ba ya nan, kai ne uba. Kai za ka shige mini gaba wajen iyayen yarinyar nan."

"Wace yarinya?"

"Nas mana. Ai ta hannunka na san ta."

Na shige gaban. Na sa babbar rigata na je na zauna na yi magana mai daɗi, har aka yaba mini hankali. Tun daga ranar Yaya take kira na. Shekara talatin da wani abu ke nan, har yau in ta ce Yaya sai na ji kamar an ɗiga mini garwashi a bayan hannu.

Ni ma na yi aure daga baya, kuma ban yi asara ba. Uwar yarana mace ce mai riƙon gida, sai dai bakinta ba linzami. Wata rana na leƙa bayan gini na hangi atamfarta ta fita unguwa a kan igiyar ƙanena tana shan iska. Da na koma gida na ce, "Ke, mijinki ba mai wanki ba ne?"

Ta ce, "Mai wanki ne. Amma wannan ta fita ce, maigida. Naka wankin na zaman gida ne."

Akwai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, kullum yana kan bencin da ke tsakanin shagunanmu da tabarau a kan hanci. Ba abin da yake so kamar a ba shi kalma ya feɗe ta. Wata yamma mai aski ya ce ƙanena bushasha yake yi, sai Hedimasta ya ajiye kofi.

"A'a, kada ku cakuɗa. Bushasha ta masu hali ce, kuma mai ita kansa yake jiyar wa daɗi, ku kuna kallo daga nesa. Facaka kuwa fantsama take, duk na kusa sai ya jiƙe. Ba ga shi kuna shan shayi ba?"

Aka yi dariya. Mai faci ya ce, "To almubazzaranci fa, Malam?"

Hedimasta ya ɗaure fuska. "Wannan ba a faɗar ta da dariya. Tuhuma ce. In ka kira mutum almubazzari, ka ce ya ɓarnatar da abin da wani ke da haƙƙi a ciki. A iya baki da ita."

Ina ciki ina guga, amma na ji. Na ɗauke kalmar na adana ta kamar yadda ake adana wuƙa a ƙarƙashin tabarma.

Shekarar da aka yi wahalar ruwa ta ba ni dama. Famfo ya koma zuwa da safe kawai, shi ma kamar fitsarin jariri. Mata su jera jarkoki tun daga bakin famfon har titi, ana tsaki ana zage-zage. Aka tsara kowa da adadin bokitinsa, ni da ƙanena namu daidai. Ni na ci gaba da karɓar kaya kamar da. Shi kuwa ya rage karɓa, ya ce gara ya wanke biyar yadda ya saba da ya wanke ashirin rabi da rabi. Bai taɓa ƙara ɗigo a kan rabonsa ba, na san haka sarai domin idona na kansa kullum. Amma kwatar shagonsa takan gudana da farar kumfa ta bi ta gaban matan da ke kan layi, su kuma ido ba ya lissafi.

Gunaguni ya yi yawa har mai ginin ya tara mu a bayan gini wata la'asar. Wata mata ta ce ai halin Facaka ne, a yi masa magana ya rage. Har an fara 'yan dariya, maganar tana shirin mutuwa. Sai na miƙe.

"Jama'a, ku daina cewa facaka. Ƙanena ne, ba wanda ya fi ni sanin sa, amma gaskiya ɗaya ce. Mata na tsaye da goyo a rana, ruwa na bin kwata. Wannan almubazzaranci ne."

Da wani ne ya faɗa, da an ce gaba ce. Amma daga bakin wansa ta fito. Hedimasta ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe bai ɗauke ido ba. Ƙanena ya juyo, ba fushi a fuskarsa, sai mamaki.

"Yaya, bokiti nawa nake ɗiba?"

Na ce, "Ban ƙirga ba."

Ni da nake ƙirga ƙwayar gawayi. Mai ginin ya yanke cewa ƙanena ya daina ɗiba a famfon har ruwa ya dawo. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi layi. Masu cewa Facaka da murmushi suka koma cewa Almubazzari da yatsina. Masu shan shayi suka ragu, ya rage Hedimasta da mai faci. Kayan da ake kai masa suka fara shigowa shagona, har igiyata ta kasa ɗauka na ƙara wata. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. A waɗancan kwanakin na fi cin abinci.

Na zaci zai zo ya ce in koya masa wanki da cokali. Sai ga shi ya samo kura, ya jera mata jarka goma sha biyu. Akwai rijiyar burtsatse can bayan tashar mota, tafiya mai nisa, ga hawa a hanyar dawowa. Sawu biyu yake yi kowace safiya, jijiyoyin wuyansa a miƙe, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya iso ya sauke, ya sha iska kaɗan, ya ɗauraye kayansa sau huɗu kamar ba abin da ya faru. Ya kuma ajiye wani tsohon duro a ƙofar shago yana zuba ruwan ɗauraya ta uku da ta huɗu, ya ce duk mai son na goge ɗaki ko na wanke banɗaki ta ɗiba. Da farko kunya ta hana su. Da ɗaya ta fara, sai ga layi na biyu a ƙofarsa, har suna cewa ɗakunansu ƙamshi suke yi. Wata uku ba a yi ba sabon sunan ya faɗi ƙasa, ba wanda ya tsinta.

Masu kayan ma suka koma ɗaya bayan ɗaya. Wani ma'aikacin banki da ya karɓi rigunansa a wajena ya kai ɗaya hanci, ya ce, "Sun fita dai, ba laifi." Ban sake ganin sa a ƙofata ba.

Wata safiya Nas ta tsaya a shagona da kayan aiki a jikinta. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Yaya, ina kwana. Tambaya ɗaya zan yi. Me ya yi maka?"

Na ci gaba da hura dutsen guga. Sai ta ƙara da cewa, "Bayansa ya fara ciwo. Na ce in faɗa maka, tunda kai ne babba." Ta wuce. Da na ba uwar yarana labari ina neman ta goyi bayana, sai ta ce, "Kai dai ciwonka ba ruwa ba ne, ka fi kowa sani."

Shekara ɗaya da rabi ya yi yana tura kurar nan kafin famfo ya dawo daidai. Mai ginin da kansa ya je ya ce ya ci gaba da ɗiba. Amma bayan ƙanena ya riga ya lalace. Tun daga lokacin a ɗan duƙe yake tafiya, hannu ɗaya a ƙugu.

Sau ɗaya na yi niyyar ba shi haƙuri. Na shirya maganar tun a gida, na zagaya bayan gini na same shi a kan baho. Na ce, "Dama game da ranar nan ne da aka tara mu."

Ya ɗago ya ce, "Yawwa Yaya, Allah ya kawo ka. Kama mini bakin zanen gadon nan mu matse, ni kaɗai ya fi ƙarfina yanzu."

Na kama. Shi yana murɗawa dama ina murɗawa hagu, ruwa na zuba a ƙafafunmu. Muka shanya tare. Ya ce in tsaya in sha shayi, na ce ina da guga. Shi ke nan. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko a bayan idona, domin da ya yi da na ji. Na so a ce ya zage ni, ko ya yi wata guda ba ya gaishe ni, in san mun yi daidai. Bai ba ni ko wannan ba.

Yanzu duk mun manyanta. Hedimasta ya rasu, mai faci ya koma wajen 'ya'yansa. Ƙanena har yau a gidan haya yake, fararen kaya kaɗai yake karɓa, su ma 'yan kaɗan. Bara babbar 'yarsa, wadda ke aiki a wani gari, ta zo da mijinta da injin wanki sabo fil a bayan mota, ta ce Abba ya huta da sunkuyo. Layi ya taru ana sa albarka. Ni ina da maza uku, duk suna aiki, ba wanda ya taɓa kawo mini ko maƙalin shanya.

Aka haɗa injin, aka zuba riguna, aka danna. Ƙanena ya kara kunne a jikinsa yana saurare, ya leƙa ta gilashin, ya ɗago fuska a yamutse.

"Uwata, ruwan ke nan ya sha?"

"Shi ke nan, Abba. Ai amfaninsa ke nan, ba ya cin ruwa, ba ya cin sabulu."

"Wannan ko kaza ba za ta yi wanka da shi ba."

Washegari da hantsi sai ga 'yar da mijinta sun ciccibo shi sun dire a tsakiyar shagona, ƙanena na biye da su yana dafe da ƙugu. 'Yar ta ce, "Baffa, na yi na yi ya ƙi. Ya ce in dai ina son ya ji daɗin kyautar, in kawo maka."

Shi kuma ya daki saman injin ya ce, "Riƙe shi, Yaya. Na duba shi da kyau, halinku ɗaya. Za ku zauna lafiya."

Kowa ya fashe da dariya, har uwar yarana da ta kawo mini abinci. Na ce na gode, amma a ciki-ciki. Injin yana aiki, ba zan ɓoye ba. Kayan da nake wankewa a kwana uku yanzu a yini nake gamawa, hannuna ma ya daina tsagewa. Sai dai duk sanda ya fara juyawa nakan tuna cewa abin da ya fi komai daraja a shagona, wani ne ya ga bai kai ya ajiye ba.

Nas ta yi ritaya a bana. Da la'asar takan zo shago da kwalbar man zafi, ta zaunar da shi a kan benci daga ciki, ta ɗage masa riga ta baya tana mulke masa ƙugu. Shi yana ihun ƙarya yana cewa za ta kashe shi, ita tana cewa ya yi mata shiru, tsoho kawai. Ƙamshin man har shagona. Shekaranjiya na koma gida ina ɗingishi, na zauna da nishi. Uwar yarana ta ce lafiya? Na ce bayana ne, ko da yake bayana lafiyarsa ƙalau. Ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man zafi, ta ajiye a gabana.

"Ga shi nan. Hannunka ai yana kaiwa."